Katin da Solongo Ta Ƙi Nunawa

Solongo na tsaka da zuba shayin madara sai surukinta Dashnyam ya banko ƙofar tanti, sanyi ya biyo shi ciki.

"An sake barin shinge a buɗe! 'Yan awaki shida sun fice, biyu na tsinto a kwari, kyarkeci ya gama da su!"

Ariuna, yayar mijinta, ta ajiye kofi tana hararar Solongo.

"Wa ya kai musu ciyawa da rana in ba 'yar birni ba? Tuvshin, tun farko na gaya maka hannun da ya saba latsa waya ba zai iya ƙulla igiya ba!"

"Haba Yaya!" in ji Tuvshin.

Wata bakwai ke nan da ya auro Solongo daga babban birnin ƙasarsu, Ulaanbaatar, kuma karo na uku ke nan ana ɗora mata wannan laifi. Ta san ta ɗaure ƙofar nan da hannunta. Ta share hawaye ta ce, "Mu sa kyamara."

Ariuna ta tuntsire da dariya. "Da wane netwok? Nan da sai an hau tsauni ake amsa waya?"

Washegari suka hau babur zuwa garin lardi. Mai shago ya ciro wata kyamara mai juya kai, ya ce tana turo hoto waya kai tsaye.

"In akwai intanet ke nan," in ji Solongo. "Mu babu. Ba ni mai ajiye hoto a katin memori, mai faifan sola, mai batirin da sanyi ba ya kashewa. Kuma wadda sai an yi motsi take ɗauka, kar katin ya cika da hoton ciyawa."

Tuvshin ya yi ta kallonta yana murmushi. "Ke fa ban san na auro injiniya ba."

"Ɗauki kwalin dai, direba."

Suka kafa ta a kan dogon itace inda awaki ba za su kai ga wayar wutarta ba, idonta na kallon shinge, faifanta na kallon kudu.

Kwana huɗu aka yi lafiya. Rana ta biyar da tsakar rana Solongo ta hango 'yan awaki suna tsalle a fili. Da ƙyar ta koro su. Ta zare katin, ta zagaya bayan tanti ta sa a wayarta.

Dashnyam ne. Ya kwance igiyar, ya shiga yana shafa kan 'yan awakin ɗaya bayan ɗaya. Sai ya fito ya tsaya yana dube-dube kamar baƙon da ya ɓace, ya tafi ya bar ƙofar. Mutumin da duk makiyayan kwarin ke zuwa neman shawararsa! Solongo ta zauna a ƙasa ta yi kuka, ta tura katin cikin ɗamararta.

"Kawo mu gani," in ji Ariuna da suka haɗu cin abincin yamma.

"Ba zan nuna ba, Yaya."

"Kun ji ko? Ta ga kanta! Baba, a mayar da ita gidansu kafin ta ƙarar mana da garke. Tuvshin, ka zaɓa, ko ita ko mu!"

Tuvshin ya bi matarsa waje. "Me kika gani, Solongo?"

"Ka ba ni zuwa gobe. Ka yarda da ni?"

Ya koma ciki ya fuskanci danginsa. "Ban ga katin ba, ba kuma na bukatar gani. In matata ta bar gidan nan, tare za mu bar shi."

Da safe Solongo ta ɗauki tulun shayi ta hau doki ta sami surukinta wurin kiwo. Ta miƙa masa kofi da hannu biyu, sannan ta miƙa wayar.

"Baba, babu wanda ya gani sai ni. Babu intanet, bai je ko'ina ba. In ka ce a goge, yanzu zan goge."

Tsohon ya kalla sau biyu. Ya ajiye kofin.

"Ban tuna ba, 'yata. Ko kaɗan ban tuna ba. Tun hunturu nake rasa hanyar rijiya, na ji kunyar faɗa. Ke kuma kika bari ana zaginki saboda ni?"

"Zagi zai wuce, Baba. Kai nake tsoron ka ɓace."

Da suka dawo ya tara kowa. "Ni ne mai buɗe shinge. Kaina ya fara mantuwa. Yarinyar nan ta gani, ta rufa mini asiri."

Ariuna ta toshe baki, ta rushe da kuka. Ta zo ta kama hannun Solongo. "Ƙanwata, bakina ya cuce ki. Ki yafe mini."

"Ya wuce, Yaya. Ki shirya kayan Baba, gobe asibiti za mu kai shi."

Likita ya ba da magani, ya ce kar a bar shi ya yi nisa shi kaɗai. Tun daga nan Solongo ke raka shi kiwo, shi kuma yana koya mata halin kowace akuya, har maƙwabta suka fara zuwa tambayarta ita ma.

Kyamara tana nuna wanda ya yi abu, amma ba ta gaya wa mutum yadda zai yi da abin da ya gani. Solongo ta riƙe gaskiyar da za ta wanke ta a take, ta haƙura kwana ɗaya don mutuncin dattijo, sai ta sami mijinta da danginsa gaba ɗaya.