Alƙaliyar Yahuza

Wata Asabar da hantsi Mansura ta kai rediyon mahaifinta gyara shagon Yahuza, can bakin layin dogo a Agege. Ta tarar da shi ya kasa kunne. Wata tasha ce ke jero waƙoƙi ɗari da aka ce babu kamarsu, an faro daga ta ƙarshe ana hawowa kaɗan-kaɗan duk Asabar.

"Wannan suka jefa ta tamanin?" Mansura ta ce, ko gaisuwa ta manta. "Ai an zalunce ta."

Yahuza ya ɗago yana murmushi. Mutumin Maraɗi ne, mai kunya. "Ni ma haka na gani, sai dai ba a tambaye ni ba."

Gyaran bai taka kara ya karya ba, amma sai da shirin ya ƙare ta tafi. Daga ranar, rediyon nan ya riƙa lalacewa duk Asabar. Su saurara, su yi musu, ta yanke hukunci. Shi ya sa ya raɗa mata Alƙaliya.

Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Legas ba. Babanta Alhaji Isah, dillalin shanu, ya sayi ɗaya, Mansura ce mai duba masa saƙo. Yahuza kuwa ta ogansa yake ara. Wata Asabar ya turo mata saƙo ta wayar Alhaji:

"Alƙaliyata, yau sun kai ta arba'in. Ban gane daɗinta ba, don kunnena ɗaya yana wurinki."

Rashin sa'a, saƙon ya shigo wayar tana hannun Harisu, ɗan kasuwar Jankara da ya daɗe yana neman Mansura. Gaida Alhaji ya zo, ya ari wayar. Ya karanta wa Alhaji tsaf.

"Baƙon da ban san asalinsa ba?" in ji Alhaji. "Kada ki sake taka shagon nan." Ya karɓe wayar.

Yahuza ya yi ta turo saƙo, shiru. Ya ɗauka Harisu ta zaɓa, ya fara haɗa kayansa zai koma gida. Labarin ya iske Mansura.

Ranar da aka saka waƙa ta ɗaya, Mansura ita kaɗai ta ji ta a ɗaki. Waƙar rabuwa ce. Ta yi kuka har ta gaji, sannan ta fita ta ari wayar maƙwabta.

"Ɗan Maraɗina, ba ni na yi shiru ba, raba ni da wayar aka yi. Kada ka hau mota. Turo manyanka."

Mahaifiyarta Talatu ta lura da idonta. Ta bari Alhaji ya gama cin abinci, ta zauna kusa da shi.

"Alhaji, a taragon shanu ka shigo garin nan, da riga ɗaya. Wa ya san asalinka ranar da Baba ya ba ka ni?"

"Halina ya bincika," Alhaji ya ce a hankali.

"To kai ma bincika nasa."

Ya bincika kuwa, daga limami har masu sayar da burodin tasha. Bai ji ko aibi ɗaya ba.

Kawun Yahuza ya zo takanas daga Maraɗi, aka ɗaura aure bayan sallar Juma'a. Da za a kai amarya, Alhaji ya riƙo hannun Yahuza.

"Ga amana nan, ɗana. Yadda aka riƙe ni a garin nan, haka zan riƙe ka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Mansura ta ce amin a cikin mayafinta.