Tsohuwar da Ta Gyara Mini Turanci

Umma ta sha hana ni zama a bakin ƙofa da magariba. Ranar dai na zauna, ni da ƙawata Prisca, muna haddar kalmomin jarrabawar Turanci: ghost, phantom, mirage.

Ruwa ya ɗauke ke nan, layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi duk taɓo, sai ga wata tsohuwa da farin mayafi, tana warin jiƙaƙƙiyar toka. Ta yi sallama, na share ta. Na zunguri Prisca, na ce da ƙarfi, tunda ba Turanci take ji ba, "Ga ghost ɗinmu nan."

Muka tuntsire da dariya.

Tsohuwar ta tsaya. Muryarta kamar daga cikin rijiya.

"'Yar nan, ghost ai mutum ne da ya mutu. Ni ban taɓa zama mutum ba." Ta gyara mayafinta. "Amma ko mu, in aka yi mana sallama, muna amsawa."

Kunya ta riga tsoro kama ni. Na sunkuyar da kai na ce, "Wa'alaikumus salam, Inna."

A nan idona ya sauka kan taɓon da ta ratso. Sumul yake, ko sawu ɗaya babu.