Masu Gida a Tankin Babur

Rana ta faɗa bayan gulbi, kaji sun hau, ladani yana gyaran murya, Sha'ibu mai gyaran keke kuwa yana durƙushe a zaurensa na Sabon Gari gaban tukunya mai tafasa. Zamanin shugaba Diori ne, shekarun da duk mai guduma a Maraɗi yake jin kansa makanike.

Baburin da ke jingine gabansa na wani nasara ne, likitan shanu. Baburin ya mace masa gindin wata tsamiya bayan garin Tsibiri, ya bar shi nan ya koma ƙasarsu. Shekara goma sha biyu ba wanda ya kwance ko ƙusa ɗaya a jikinsa. Da Sha'ibu ya je roƙo, mutanen Tsibiri da hannunsu suka aza masa shi a amalanke, har da rakiya. Shi ya ɗauka farin jini ne.

Wata bakwai yana kansa. Ya kankare tsatsa, ya ɗinka wa sirdin jar fata, ya samo buji, wato fulogi, daga Katsina, ya ɗaure wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Saura tanki, wanda ya ƙi wankuwa. Aka ce masa maganinsa tafasasshen ruwan kanwa.

Matarsa Maijidda ta leƙo daga tsakar gida. "Maigida, magariba ce fa. Ba a zubar da ruwan zafi yanzu. Bari safe."

"A ƙasa aka hana. Wannan tanki ne."

"To ko bisimilla ka yi."

Ya sauke tukunyar. Ya kira ɗiyarsu Tsahara, mai shekara goma sha ɗaya, ta riƙe masa mazurari, ya tuttula.

Wani kuka ya fito daga cikin tankin, siriri, kamar na jinjirin da aka taka. Tsahara ta saki mazurarin. Sha'ibu ya ce tururi ne.

Washegari da magariba aka fara jifa. Duwatsu ƙanana, masu ɗumi, suna saukowa daga inda ba katanga, suna fasa tuluna, suna kifar da kwanon tuwo. Zauren kaɗai suke tsallakewa. Sha'ibu ya ce yaran maƙwabta ne. Kwana uku aka soma jin mace tana rarrashi a bayan rumbu, a hankali, ba ta fasawa sai an yi sallar lisha. Sha'ibu ya ce kurciya ce. Ran na bakwai Tsahara ta bar cin abinci, ta zauna ƙofar zaure tana jijjiga hannuwa kamar mai riƙe da jariri. Da ubanta ya zo wucewa ta ɗago ta dube shi da idon da ya girme shi. Wannan karon ya kau da kai ya wuce.

Maijidda ce ta aika garin Jiratawa aka zo da Malam Abdulmutallib, tsoho ɗan siriri wanda ba ya ɗaga murya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya zuba turare a garwashi, ya kama babban yatsan yarinyar ya shiga karatu. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe tsakar gida. Ba motsin kowa. Can yarinyar ta miƙe wuya, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Malam, rage wutarka. Ni aka ƙone wa ɗa, ni kuma ake ƙonawa."

"Wace ce ke?"

"Mai gida. Shekara goma sha biyu ina cikin tankin nan da ɗiyana uku. Aka ɗauko mu ba sallama, na yi shiru. Aka kwashe wata bakwai ana buga mana guduma a ka, na yi shiru. Yanzu ɗiyana biyu."

"Yarinyar ba ta da laifi."

"Nawa ma bai da shi."

Ta ce rai take so. Malam ya ƙara karatu har jikin yarinyar ya ɗauki ɓari. Ta ce to ƙafafu, tun da nata bai kai ga tafiya ba. Malam bai tsaya ba. Daga ƙarshe ta sauke numfashi.

"A mayar mini da gidana inda aka ɗauko shi, ran Juma'a kafin rana ta faɗi. A tura shi da hannu. Kada a tashe shi, sauran biyun suna ciki. In an yi haka na yafe. In ba a yi ba, ƙafafun nawa ne, kuma kai Malam ba ka da bakin magana."

Sha'ibu ya matso. "Allah gafarta Malam, a tambaye ta. In tankin kaɗai aka mayar fa?"

Maijidda ta juyo ta dube shi. Muryar ta yi wata ƴar dariya. "Kai in an kwashe maka gida, ɗaki guda za a mayar maka?"

Malam ya miƙo masa allo, ya dafa ya rantse. Tsahara ta yi atishawa uku, ta buɗe ido, ta ce tana son fura.

Ran Juma'a bayan an sauko, Sha'ibu ya kama hanyar Tsibiri yana turi. A aljihunsa akwai kwalbar isansi, wato fetur, wadda ya ce wa Maijidda ta wanke hannu ce. Rairayi ya riƙe ƙafafun baburin, gumi ya jiƙa masa riga. Da ya hango kan tsamiyar sai ya tsaya. Ya shafa jar fatar. Wata bakwai, kuma bai taɓa jin muryarsa ba ko sau ɗaya. Ya gaya wa kansa injin da ya shekara goma sha biyu a mace ba zai tashi ba, gwaji ne kawai, don mutum ya san iyakar aikinsa. Ya juye kwalbar a tanki. Ya taka sau ɗaya.

Baburin ya tashi. In an yi wani kuka a ciki, ƙarar inji ta danne shi. Sha'ibu ya ji iska a fuskarsa irin wadda keke bai taɓa ba shi ba, ya wuce tsamiyar, ya ce zai juyo. Ya juyo ɗin, bayan rana ta faɗi.

A daidai lokacin Tsahara na ratsa tsakar gida da tulu a ka. Ta zauna a ƙasa. Ba ta sake tashi ba. Maijidda na riƙe da ita ta ji ƙarar babur ta tsaya ƙofar gida, ba ta ko ɗaga kai ba. Tun ranar ba a sake jifa ba, Malam Abdulmutallib kuma bai sake amsa kira ba.

Baburin kam ya yi lafiya, bai taɓa ƙin tashi ba. Kowace Juma'a Sha'ibu kan ɗaure Tsahara a bayansa da zane, ƙafafunta na reto, ya tafi neman magani, kuma malamin da ya fi nisa shi yake zaɓa. Mutane a bakin hanya su ce Allah ya ba mu uba irin wannan. Shi kuwa ya rage gudu ya amsa gaisuwa, ya ce ai da ba baburin nan, da me zai riƙa kai ta?