Ƙararrawar Tashar Ƙaura

Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa Bodinga ba, amma ɗakin Ɗantani cike yake da kayan jirgin: fitilun hannu masu jan gilashi, ƙusoshin layin dogo, hulunan tsofaffin ma'aikata. Tun yana direban babbar mota yake tsintarsu. Wadda ta fi kwanta masa a rai ita ce ƙararrawar tagulla da ya ɗauko a wata rusasshiyar tasha wajen Ƙaura Namoda.

Ran da ya rataye ta, ana kiran magariba, matarsa Zuwaira tana kwasar tuwo, sai warin hayaƙin kwal ya cika tsakar gida. Awaki suka yi tsit. Can tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi, baƙa, mai zafi. Ƙararrawar ta buga, alhali babu kowa a ɗakin.

Kullum rana ta faɗi haka ake yi. Daga baya abin ya koma kan ɗiyarsu Bahijja. Ta daina cin abinci. Takan tsaya bakin zaure tana kallon gabas, dogon kuka irin na jirgi yana fita daga maƙogwaronta.

Ɗantani ya tafi Shagari ya zo da Malam Mode, tsohon da ya san kan iskoki. Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta sandare.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

Muryar tsoho ce ta fito daga bakinta. "Tsamiyarmu anka sare don a shimfiɗa dogo, munka koma cikin ƙarfen ga. Wanga mutum ya raba ni da dangina."

"Ji tsoron Allah, ka fita."

"Shi maishe ni gida, in bar mai ɗiya tai. In ko ƙarfen yaka so, shi riƙe, ni in riƙe ta."

Malam ya dubi Ɗantani. Ɗantani ya dubi ƙofar ɗakinsa, bai ce komai ba, sai da Zuwaira ta kira shi da ƙarfi.

"Zan mayar," ya ce.

Muryar ta yi dariya. Bahijja ta yi atishawa, ta faɗi.

Ya mayar da ƙararrawar, jifa ya ɗauke, Bahijja ta warke. Sai dai ba ta ƙara zama inda ubanta yake ba. In ya shigo, ta fita. Da Zuwaira ta matsa mata da tambaya, ta sunkuyar da kai.

"Inna, ran nan ina jin komai. Na ji shirun da Baba ya yi."