Mai Shan Ruwan Bututu

Da hantsi na ƙara wa tukunyar ɗumama gida ruwa. Kafin la'asar allurar ma'auninta ta sake faɗuwa. Haka nake ta yi tun shigowar hunturu, ni kaɗai a gidan katakon da mijina ya mutu ya bar mini a garin Punta Arenas, can ƙarshen kudancin duniya.

Na kira Don Nibaldo mai gyaran famfo. Ya bi bututu ɗaki ɗaki, ya shafa gindin ƙarafan da ke ɗumama ɗakunan da busasshen tsumma. Ko danshi babu.

"Doña Eduvigis, ko dai shayi kike dafawa da ruwan?"

"Da wa zan sha?" na ce.

Dariyarsa ta tsaya. Ya ce yoyon ƙarami ne, wataƙila a ƙarƙashin daɓe yake. In gida ya yi tsit in kasa kunne, inda na ji ɗiga in yi alama da alli, zai dawo gobe.

A watan Yuli, tsakiyar hunturunmu, rana ba ta daɗewa. Da magariba na kashe rediyo, na cire takalmi, na bi falo a hankali. Iskar teku na kaɗa kwanon rufi. Kusa da ɗakin kwanana na ji shi.

Ɗis. Ɗis.

Sai kuma wani sauti, kamar kyanwa na lasar kwano.

Akwai murfin katako a wurin, wanda mijina kan ɗaga ya shiga ƙarƙashin gidan. Na ɗaga. Warin tsatsa ya bugo ni, da ƙarnin ciyawar teku, alhali gidana na kan tudu. Na durƙusa, na zura kai da tocila.

Ga bututun, ga ɗigon yana ƙyalli a mahaɗa. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa a bushe take.

Na matsar da hasken.

Yatsu ne rungume da bututun. Dogaye, farare, sun yamutse kamar na wanda ya daɗe cikin ruwa. Bayansu akwai baki a buɗe, yana jiran ɗigo na gaba.

"Kada ki toshe," aka ce da raɗa. "Sanyi nake ji."

Tocilar ta suɓuce mini.

Wani abu ya kama wuyan hannuna. Sanyinsa ya ratsa har haƙorana.

"Ke ma da ɗuminki."

Na fizge, na saki murfin ya faɗi, na fita titi ba takalmi. A gidan maƙwabciyata na kwana, ban gaya mata dalili ba.

Washegari Don Nibaldo ya sauka, ya canza mahaɗar, ya fito da tocilata. Ya ce bai ga kowa ba sai gizo-gizo. Allurar ba ta ƙara faɗuwa ba.

Amma daga ranar, kullum na farka sai in tarar ɗaya gefen katifar ya lotsa, zanin a jiƙe da ruwan gishiri. Da bazara 'yata ta zo ta kwashe ni zuwa wurinta a garin Puerto Natales, muka sayar da gidan. Tana ɗaure kaya ta tambaye ni me ya sa gadon da ni kaɗai nake kwana a kai yake da bargo biyu.

Na ce mata hunturun ya yi tsanani.