Awa Ɗaya Tak

Siddiqa na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakin mahaifiyarta, laftof a cinya, tsintsiya kuwa na yashe a gefe tun hantsi. Inna Ummu Hani ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Ke Siddiqa! Wai wannan akwatin ne zai share mini tsakar gida?"

"Minti biyu, Inna, don Allah. Kala kawai ta rage in sa."

"Minti biyun nan naki sun fi wa'adin tela tsawo!"

Siddiqa ta yi dariya ba ta ɗago ba. Tun da ta gama difloma a kwamfuta a Kano ta dawo Karaye, komai na duniya sai ta ƙirga shi ta zana. Har kajin Inna ta taɓa yi wa jadawalin ƙwai. A ganinta, abin da ba a auna ba zance ne kawai, ita kuwa ta wuce zance.

Wannan karon aikin na zuciya ne. Saura mako shida a ɗaura aurenta da Zaharaddini, ɗan Zoza ta ƙasar Rogo, mai injin niƙa da ɓare gyaɗa. Yaro ne mai sanyin hali, ba ya shan komai, ba ya yawo, abu ɗaya ne ya kama shi: waƙa. Ƙarar inji ta sa kullum iyafis na kunnensa. Da ya ba ta lambar sirrin manhajar da yake jin waƙa, sai ta sauko da tarihin shekara guda cif, kowace waƙa da ranarta da mintinta. Ta jera kwanakin mako a tsaye, awannin yini a kwance, gida-gida kamar saƙar tabarma. Inda ya ji waƙa da yawa ya yi ja, inda bai ji ba ya zauna fari. A ƙasa ta rubuta waƙar da suke kira tasu, wadda ya saurara sau ɗari huɗu da sha ɗaya. Ta kai shagon firintin aka buga mata mai kala, tana jiran Lahadi ya zo zance ta yi masa ba-zata.

Ranar Asabar yayanta Falalu ya tsinci takardar a kan firji.

Shi Falalu ba mugu ba ne, amma akwai ƙulli a ransa tun ranar da aka kai ƙanwarsa makaranta birni aka bar shi a kantin taki. Duk wata magana da ta fito daga laftof ɗin nan, jinta yake kamar gori.

"Malama mai kwamfuta, wannan kuma zanen hular waye?"

Da ta yi shiru da an zauna lafiya. Amma ina! Baki ya sami mai sauraro, ta zauna ta yi masa bayani dalla-dalla, har da nuni da biro. Falalu ya bi layin Juma'a da yatsa, ya tsaya.

"Wannan jan fa? Ƙarfe nawa ke nan?"

"Biyu zuwa uku na rana."

"Ƙarfe nawa ake ta da sallar Juma'a a Zoza?"

Ta kawar da kai. Ƙarfe biyu ake tayarwa, kowa ya sani.

"Wannan na sama kuma, da ya yi ja kullum ba fashi?"

"Biyar da rabi... na asuba," ta faɗa.

"Allahu Akbar!" in ji Falalu, ya naɗe takardar. "Mutane na sahu, angonki na kiɗa."

"Yaya Falalu don girman Allah ba ni! Ba naka ba ne!"

Ko waiwayowa bai yi ba, ya nufi zaure.

Malam Ilu, mahaifinsu, tsohon malamin Arabiyya ne da ya yi ritaya, ba shi da aboki kamar 'yar rediyonsa. Ba mai tsanani ba ne. Ya sha faɗin cewa waƙar da ba batsa a ciki, shi ba zai tsaya faɗa a kanta ba. Amma sallah wani abu ne daban. Ya sa tabarau ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce a kira masa yaron.

Washegari Zaharaddini ya zo da fara'arsa, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa.

"Barka da yamma, Baba. Mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau, Zaharaddini. Ya mutanen Zoza? Ya mahaifiyarka?"

"Tana gaishe ku da kyau."

Malam ya miƙa masa takardar, Falalu ya yi fassara, har da ƙarin gishiri. Zaharaddini ya dubi jan, ya dubi Malam, fuskarsa ta sauya.

"Baba, wallahi tallahi tun da na balaga ban taɓa barin Juma'a da gangan ba. Asuba kuwa a sahun farko nake yinta. Sai na fito masallaci nake sa waƙa in tafi inji."

"Ba ni na faɗa ba, takarda ce," in ji Falalu.

Malam ya ɗaga murya. "Siddiqa! Zo nan."

Ta zo ta rakuɓe a bakin ƙofa, mayafi ya rufe rabin fuskarta.

"Kin ƙara wani abu a cikin wannan lissafi? Ko kin rage?"

"A'a, Baba."

"To na'urar takan yi ƙarya?"

Nan ne wurin da ya kamata ta ce ba ta sani ba. Kalma uku ce, ba ta da nauyi. Amma mai difloma ce, ga Falalu na kallonta yana jiran ta ce aikinta na banza ne. Ta ɗago kai.

"Data ba ta ƙarya, Baba."

Zaharaddini ya juyo a hankali. Bai yi tsawa ba, da ma ya yi.

"Siddiqa, ga rantsuwata, ga takardarki. Wacce kika ɗauka?"

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma, ba ta ce komai ba. Shirun nan ya fi zagi ciwo.

Malam ya cire tabarau. "Yaro, ban ƙi ka ba. Amma ba zan ba da 'yata ga wanda ake shakkar sallarsa ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Kawun Zaharaddini, Ɗanmaliki, ya zo har sau biyu, ya ce zai kawo liman da dattawan unguwa su yi shaida. Falalu ya ce ai mutanen gari ɗaya rufa wa juna asiri suke yi. Shi kuma Zaharaddini da ya ji, ya ce kada wanda ya je ko'ina.

"Kawu, ba zan tara mutane su shaida ina sallah ba. Wanda nake yi dominsa ya gani."

Aka mayar da kayan sa rana. Kafin su isa Zoza, labari ya riga su. Bakin mutane kuwa ba ya rage magana, sai dai ya ƙara: daga mai jin waƙa lokacin Juma'a, ya koma wanda bai taɓa alwala ba. Matan ƙauyukan da ba su san shi ba suka janye niƙansu, wai ba za su ci garin mara sallah ba. Mahaifiyarsa, Iya Lauratu, ta daina zuwa biki da suna saboda kallo. Shi dai bai tanka wa kowa ba, kullum yana sahun farko, yana bakin injinsa.

A Karaye, Siddiqa ta rame. Inna ta gaji da ganinta, wata rana ta ce, "Ke kika ɗaure kanki da igiyarki. Mutum ya yi shekara biyu yana zuwa gidan nan, ko sau ɗaya kin ga an kira sallah bai tashi ba?"

"Inna, to lissafin fa? Ni ma so nake ya zama ƙarya!"

"Ni ban san lissafi ba. Na san yaron."

Sha'aban ya wuce ba biki, azumi ya kama. Siddiqa ta daina jin waƙa da rana, sai bayan shan ruwa, in tana wanke-wanke, ta sa waƙar nan tasu ta yi kukanta a ɓoye. Hali kuwa zanen dutse ne: ranar sha bakwai ga wata, bayan azahar, ta sauko da nata tarihin ta zana, don ta ga sau nawa ta ji ta.

Ja ya fito a ƙarfe shida na yamma.

Ta ƙura ido. Ƙarfe shida? Kullum a wannan lokaci tana gaban kasko tana suyar ƙosai, wayarta na ɗaki, bakinta da azumi. Ba ta taɓa kunna waƙa ba sai bakwai ta wuce. Ta koma asalin fayil ɗin. A saman layin lokaci ga wasu haruffa uku ƙanana: GMT. Ta tuna su sarai. A na Zaharaddini ma suna nan, ita ta goge su da hannunta don sun ɓata mata kyan zane.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ta buɗo nasa, ta ƙara awa ɗaya. Jan asuba ya sauka zuwa shida da rabi. Jan Juma'a ya koma uku. Sannan ta ga abin da ya sa ta dafe ƙirji: fararen layuka biyar sun ratsa zanen daga gefe zuwa gefe, kowanne ya zauna daidai kan lokacin sallah. Shekara guda, ba ranar da ya yi fashi.

Ko takalmi ba ta sa ba ta faɗa zaure, ta zube a gaban mahaifinta.

"Baba na cuce shi! Wallahi na cuce shi! Lokacin da ke jikin takardar ba namu ba ne, agogon GMT ne!"

Malam Ilu ya miƙe zaune. "Agogon me?"

"GMT, Baba. An rubuta a sama, ni na goge."

Tsohon ya dubi 'yar rediyonsa a kan buzu. Shekara arba'in yana jin ana cewa ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. Ko cikin barci aka tashe shi zai ƙara awar nan.

"Haruffa uku," ya ce a hankali. "Da kin bar su, ni da ban san kwamfuta ba da na gane. Ke kika goge, ni kuma na yanke hukunci ban tambaya ba. Yaro ya rantse da Allah a zaurena, na zaɓi takarda."

Ya share ido da bakin rawani, ya ƙwala kira. "Falalu! Fito da babur."

"Baba, da azumi? Ga rana, Zoza da nisa..."

"Da ka kawo mini takarda ba ka ji nisa ba. Kai za ka kai ni!"

Sun isa ana shirin la'asar. Da aka sallame, Malam Ilu ya miƙe a gaban jama'a, ya faɗi sunansa da garinsu, ya ce shi ne ya zalunci wannan yaro, ya bayyana yadda aka yi, ya nemi gafara. Ya sa Falalu ma ya maimaita da bakinsa, yana in'ina kamar mai cin tuwo da zafi. Zaharaddini ya taso da sauri ya riƙe hannun tsohon.

"Baba, don Allah zauna. Ai kai uba ne. Na yafe, duniya da lahira."

Da suka je gida, Iya Lauratu ce ba ta sauko da wuri ba. Ta bayan ƙofa ta ce, "Malam, sannu da ɗawainiya. Amma waɗanda suka ji zagin, ba dukansu ne suka zo la'asar yau ba." Malam ya ce gaskiya ne.

Mako biyu bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure. Niƙa ya dawo, har ya fi da, don yanzu ba wanda aka yi wa shaidar sallah a bainar jama'a kamarsa. Haƙurinsa ya biya shi: ya sami matarsa, ya sami sunansa.

Kwana huɗu da tarewa, da hantsi, Siddiqa ta kawo masa koko ta zauna kusa da shi.

"Sa mana waƙarmu mana. Ina iyafis ɗinka?"

"Na bayar."

Ta ɗauki wayarsa ta buɗe manhajar. Waƙa ta ƙarshe da ya ji, ranar Lahadin nan ce, a hanyarsa ta zuwa Karaye. Daga nan ba komai, wata uku fari fat.

"Ba ka yafe mini ba ke nan," ta ce, idonta ya cika.

"Wallahi na yafe miki, Siddiqa. Amma duk sanda na sa abu a kunne, ba waƙa nake ji ba. Muryarki nake ji a zauren Baba."

Ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai ɗaci, shi kuma ya yi ta ba ta haƙuri, kamar shi ya yi laifin.

Sun zauna lafiya, Allah ya ba su zuri'a, amma har yau Zaharaddini da ƙarar inji yake wuni. Takardun biyu suna ƙasan akwatin Siddiqa, ta farko da ta gyara, bambancinsu awa ɗaya tak.

'Yan'uwa matasa, ilimi alheri ne, lissafi ma haka. Amma kafin ku ɗauki takarda ku yar da rantsuwar mutumin da kuka san halinsa, ku tsaya ku tambaya da agogon wa aka rubuta ta. In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Mai haƙuri yakan sami hakkinsa ko an jima, kamar yadda Zaharaddini ya samu. Siddiqa kuwa ta gyara awarta cikin minti ɗaya, amma waƙar mijinta ba ta dawo ba.