Farar Albasa a Jakar Baƙuwa

Ƙarfe goma na safe aka kai wa Sufeto Labaran rahoto a Kiru: an sace littafin rubutun baƙuwa.

Baƙuwar ita ce Hamdiyya Mudi, marubuciya daga Tudun Wada. Wata uku ƙungiyar masu karatu ta garin ta yi tana neman ta zo ta yi wa 'yan matan sakandare jawabi, sau biyu ana ɗage rana. Yau ta zo, ɗalibai sun cika ɗakin taro, ga shi littafin da ta rubuta sabon labarinta da jawabin nata da hannu ya ɓace. Ba ta da wani kwafi.

Ta ce a ofishin ƙungiya ta bar jakarta da aka kai ta gaida dagaci.

Sufeto ya buɗe jakar. Babu littafi, sai farar albasa shida a leda.

Shugabar ƙungiyar, Malama Asibi, ta rantse ta kulle ofis. Da ya matsa mata, ta ce kwaɗon ya shekara da lalacewa, kunya ce ta hana ta faɗa.

"Ke kika sa mata tsaraba?"

"A'a, ranka ya daɗe. Tamu tumatir ne, ga kwandon can."

Direban ƙungiyar, Shitu, ya ce bai ga kowa ba, daga baya ya tuna ya ga babur a bakin ƙofa. Sufeto ya share gumi, ya ce shi dai yau kowa sai an yi masa tambaya sau biyu. Ya nuna masa albasar. Shitu ya ce duk yankin mutum ɗaya ke noma fara, Malam Uba na Ɗansoshiya, wanda shi ma yana rubuta littattafai.

Suka iske Malam Uba a layin gaba na ɗakin taro, cikin babbar riga, da takardu a cinya.

"Malam, ka shiga ofis?"

"Ban ma san baƙuwar ta iso ba."

"To albasarka ta san ta iso."

Malam Uba ya dubi ledar. Ya ce shekara bakwai shi ake gayyata jawabin nan. Bana ko sanar da shi ba a yi ba, a lasifika ya ji. So ya yi ta rasa abin karantawa, a kira shi.

"Albasar fa?"

"Haba Sufeto. Baƙuwa ta zo garinmu, in ɗauki nata kuma ta koma hannu rabbana?"

Aka samu littafin a akwatin baburinsa, ko shafi ɗaya bai taɓa ba.

Hamdiyya ta rungume littafinta, ta dube shi.

"Baba, a littafinka na koyi karatu. Shafin farko na jawabina sunanka ne."

Wani kurtun ɗan sanda ya kama hannun rigar Malam Uba. Suna bakin ƙofa ya ji ta ambaci sunansa a lasifika, ɗalibai suna tafi.